Amurka na yabon matattun baƙi, tana rufe wa rayayyu ƙofa

Duk watan Oktoba Amurka takan yi ado domin 'yan asalin Polan. A yi fareti a titin Fifth Avenue na birnin New York, al'adar da aka fara tun 1937, fadar White House ta fitar da sanarwar tunawa da Janar Casimir Pulaski ranar 11 ga wata, 'yan siyasa su ɗaura jan ƙyalle da fari su ci abincin gargajiya a gaban kyamara. Ban ƙi bikin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da shirin da aka buɗe a Afrilun 2022, wanda ya ba 'yan Yukiren sama da dubu 200 damar shiga ƙasar su tsere wa yaƙi. 'Yan Yukiren da 'yan Polan da Rashawa da Cek da Sulobak da Sabiyawa dangin harshe ɗaya ne, su ake kira Slav. Bakin da ke yabon kakannin shi ne ke ce wa jikokin su dakata a waje.

Yabon gwani ya zama dole, kuma Pulaski gwani ne. Ya bar ƙasarsa Polan ya zo ya horar da mahayan dawakin George Washington a yaƙin neman 'yancin Amurka, aka harbe shi a Savannah a 1779, ya rasu. Ɗan ƙasarsu Tadeusz Kościuszko shi ya tsara ganuwar sansanin soja na West Point, kuma a wasiyyarsa ta 1798 ya ce a fanshi bayi da dukiyar da ya bari a Amurka, a 'yanta su, a ilimantar da su. Ya damƙa amanar ga Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, Jefferson kuwa ya janye jiki, ba a taɓa cika wasiyyar ba. Wannan ɓangaren ba kasafai ake jin sa a jawabin ranar biki ba. Daga nan sai a lissafo Nikola Tesla, ɗan ƙabilar Sabiyawa, da wutar lantarki, Igor Sikorsky haifaffen Kyiv da jirgi mai saukar ungulu, a tafa, a watse.

Janar biyu da injiniya biyu ba su ne al'umma ba. Miliyoyin da suka tsallaka teku daga wajajen 1880 zuwa 1914 manoma ne talakawa, da yawansu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Su suka shiga ramukan kwal na Pennsylvania, suka tsaya gaban murhun ƙarfe a Pittsburgh, suka yi fawa a mayankan Chicago. Wanda ke son girmama su da gaske, Lattimer, ƙauyen masu haƙar kwal a Pennsylvania, ya kamata ya fara zuwa.

A 1897 jihar Pennsylvania ta sa harajin santi 3 a kowace ranar aiki kan duk ma'aikacin da ba ɗan ƙasa ba, kamfanoni kuma suka riƙa cirewa daga ladan mutanen. Dama gidan da suke kwana na kamfani ne, kantin da suke cefane na kamfani ne, ladan nasu kuma bai kai na masu jin Turanci ba. Suka shiga yajin aiki. Ranar 10 ga Satumba wasu ɗari uku zuwa huɗu suka tashi a ƙafa daga Harwood zuwa Lattimer don su kira 'yan'uwansu su ajiye aiki. Ko sanda ba su riƙe ba, tutar Amurka ce a gabansu. Shugaban 'yan sandan gundumar, James Martin, ya tare su da mutanen da ya raba wa bindigogi. Aka buɗe wuta. Mutum 19 suka mutu, gommai suka jikkata, yawancinsu 'yan Polan da Sulobak da Lituwaniya, kuma da yawa a baya harsashi ya same su suna gudu. Aka yi shari'a a Wilkes-Barre a farkon 1898, aka wanke Martin da mutanensa tas. Sai 1972, bayan shekara 75, aka kafa musu dutsen tunawa a wurin.

Jinin nan bai tafi a banza ba. Dubban baƙi suka shiga ƙungiyar masu haƙar kwal, har ta kai ga babban yajin 1902 da ya tilasta wa Shugaba Theodore Roosevelt shiga tsakani, aka ƙara lada, aka rage awannin aiki. Ma'aikacin Amurka na yau yana cin moriyar wannan gwagwarmaya ko ya sani ko bai sani ba.

To da me aka saka musu? Da dokar 1924. Majalisa ta ce kowace ƙasa a ba ta kashi 2 cikin ɗari na adadin mutanenta da ke Amurka, amma da gangan aka koma ƙidayar 1890, lokacin da 'yan Gabashin Turai ba su yi yawa ba tukuna. Kason Polan ya faɗo daga sama da 30,000 a shekara zuwa ƙasa da 6,000, alhali Jamus ta samu sama da 51,000. Hujjar da aka kafa ita ce waɗannan mutane jahilai ne, masu laifi ne, addininsu daban, ba za su taɓa zama Amurkawa ba. Sai 1965 aka soke tsarin. Ka cire sunayen ƙasashen daga waɗancan maganganu, za ka rantse jiya aka yi su game da 'yan Haiti ko Somaliya. Mu ma mun san ɗanɗanonsu: an sa Najeriya cikin jerin takunkumin biza a 2020, an rufe wa Chadi da Sudan ƙofa a Yunin 2025.

Masu kare wannan hali sukan ce ai kakanninsu ta hanyar doka suka shigo. Wace doka? Kafin 1921 babu wani ƙayyadadden adadi ga Turawa, a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi a New York, kusan mutum 2 cikin 100 kawai ake mayarwa, su kuma 'yan Yukiren ɗin da aka dakatar da shirinsu da takarda da mai tsaya musu suka zo.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Hazleton, garin da ke ɗan taƙi kaɗan daga Lattimer, inda aka zubar da jinin. A 2006 majalisar garin, ƙarƙashin magajin gari Lou Barletta, ta kafa dokar cin tarar duk mai gidan da ya ba baƙo marar takarda haya. Sababbin baƙin masu magana da Sifaniyanci ne, yawanci daga Jamhuriyar Dominika, sun zo aiki a masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya. Kotun tarayya ta soke dokar a 2007, amma ta riga ta zama abin koyi ga wasu garuruwa. Garin da maƙabartunsa ke cike da sunayen Slav ne ya yi wannan! Wannan rashin kunya ce, kuma babu rawar gargajiyar da za ta wanke ta.

Ƙungiyoyin 'yan Polan da Sulobak da Yukiren suna da majami'u da jaridu da ƙuri'u a Pennsylvania da Michigan da Illinois. Su daina ba ɗan siyasa dandamali a faretinsu sai ya faɗi matsayinsa kan 'yan Yukiren da ke zaman ɗar-ɗar. A sa Lattimer cikin manhajar makarantu. A karanto sunayen mutum 19 ɗin nan kowace 10 ga Satumba, kuma a gayyaci sababbin mazauna Hazleton su tsaya a sahun gaba.