Ranar da muka shayar da ƙarfe ruwa a Tasawa

Kawuna ya sayo mota mai aiki da kuran daga ƙasar Sin, kuma tun ranar da aka sauke ta a ƙofar gidansa a unguwar Birni ta Damagaram ya daina ɗaga wa masu sayar da isansi hannu. Garin da ke da matatar mai tun 2011, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, a nan Kawu ya ga dama ya yi wa mai saki uku. Ni kuwa haɗa wutar rana ce sana'ata, don haka duk abin da ke da batir a danginmu, daga tocila har wannan mota, a wuyana yake. Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗan amininsa a Maradi, ko tambayata ba a yi ba, makulli kawai aka miƙo mini.

Takardar motar ta ce kilomita 300 idan ta cika. Daga Damagaram zuwa Maradi wajen 240 ne. Kawu ya ƙirga da yatsu ya ce har da canji. Na ce, "Kawu, 300 ɗin nan na awon Sin ne, a ɗaki ake yinsa, babu kilim, kuma matsakaicin gudun bai kai kilomita 30 a awa ba." Ya ce, "Kai yaro, ka fi waɗanda suka ƙera ta sani ne?" Na ja bakina na yi shiru.

Batirinta kilowat-awa 40 ne, abin da za a iya sha daga ciki wajen 38. Idan an bi ta a hankali, kilomita 100 na cin 14 zuwa 15. Mu kuwa cikin watan Afrilu muka tashi, mutum biyar, kilim a ƙure saboda Hajiya, tabarmi da buhun gero a ɗaure a bisa, ga Kawu yana ta cewa in taka don kada motocin bas su raina mu. A gudun 110, da kaya a sama suna tare iska, cin ya haura 22. Iska ba ta da imani: in ka ninka gudu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Abin da ya ƙara dagula lissafin, an ɗauke kuran da dare, sai muka bar gida da kashi 75 cikin ɗari. Wato abin da ke hannunmu bai wuce na kilomita 130 ba.

Kafin mu wuce Takeita lambar da ke gaban sitiyari ta fara zubewa, mu yi kilomita ɗaya ta cire biyu. Kawu ya ce ko na taɓa wani abu. Mun shiga Tasawa da hantsi da kashi 8, allo ya koma ja, an zana wani ɗan kunkuru a kai, alamar motar ta rage wa kanta ƙarfi. Hajiya ta leƙo ta tambaya ko kunkurun ado ne.

"To, nemo mana wurin caji mai sauri," in ji Kawu. Ya ga bidiyo a waya, ana zuwa a soka, a sha shayi, a tafi. Gaskiya ne kuwa, akwai irinsa a duniya. Na'ura mai kilowat 50 tana zuba wa batir wuta kai tsaye, za ta kai irin motarmu daga kashi 10 zuwa 80 cikin kamar minti 40, daga 80 kuma sai ta fara ja da baya don kada batir ya yi zafi. Amma na buɗe taswira a waya, daga inda muke har Maradi fes, ko ɗigo babu. Dalilin ba boyayye ba ne ga mai aikin wuta. Na'urar kilowat 50 tana son layi uku na bolt 400, amfiya kusan 80 a kowane layi. Taransifoman da ake ratayawa a kan falwaya a ƙauyukanmu 50 ne, ko 100, babbansu 160. Ka soka mota ɗaya, unguwa guda ta koma fitilar ƙwai. Kuma ko da mun samu, sai bakin ya dace: motocin Sin GB/T ne bakinsu, na Turai CCS2, tsofaffin na Japan CHAdeMO, babu mai shiga na wani sai da mahaɗi mai tsada.

Wani yaro ya ce ya san mai caji, ya kai mu rumfar mai cajin waya a bakin tasha. Bawan Allah ya fito da fara'a, ya ce dala ashirin ne kowace waya, mota kuwa sai ya gani. Na taya shi gani. Batirin waya mai kyau wat-awa 19 ne, mu muna neman kilowat-awa 19 mu isa Maradi, wato wayoyi dubu cif. A farashinsa jika ɗari ke nan. Idonsa ya yi haske, na Kawu ya yi ja. Sai dai inbatarsa, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, wat 1,000 ce, abin cajinmu kuwa ko a mafi ƙanƙantar saiti, amfiya 8, yana jan sama da wat 1,800. Ciniki ya mutu a nan, ya raka mu da addu'a.

Kuran babu a garin, sai aka haɗa mu da wani mai ƙanƙara da ke da gurup mai ƙarfin 3.5. Muka tura motar ƙofar shagonsa, na sa abin caji a amfiya 10, na soka. Jar fitila ta yi ta ƙiftawa, mota ta ce ba ta san zancen ba. Wannan akwatin da ke tsakiyar wayar caji, kafin ya saki wuta sai ya tabbatar akwai layin ƙasa, ƙananan gurup kuwa ba a haɗa musu shi. Maganin shi ne a kafa ƙarfe a ƙasa, a ɗaura masa waya daga jikin gurup, sannan a haɗa layin sanyi da na ƙasa a bakin gurup ɗin, wuri ɗaya tak. Ba aikin da za a ba yaro ba ne, kuma ba a yinsa gurup na kunne. Na samo rodi mai tsawon mita ɗaya da rabi wurin mai walda, muka buga. Ja dai. Yashin rani busasshe ne ƙarau, wuta ba ta bi ta cikinsa. Na ce a kawo ruwa da gishiri.

Haka jama'ar tasha suka taru suna kallon babban mutum da babbar riga, Kawu ke nan, riƙe da buta yana shayar da ƙarfe. Wani dattijo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, in ya tsiro a ba ni iri." A jarka ta biyu fitila ta koma kore, yara suka yi ta tafi.

Murnar ba ta daɗe ba, don Kawu ya tambayi awa nawa. Amfiya 10 a bolt 230 kilowat 2.3 ne, abin da ke isa cikin batir wajen 2, saura ya tafi a zafi da fankar da ke sanyaya shi, ranar kuwa fankar ba ta huta ba. Kowace awa ta caji tana ba mu tafiyar kilomita 12 zuwa 14. Mai keke ma ya fi mu sauri, gara shi yana gaba. Ɗaurin aure bayan la'asar ne, mu kuma muna neman awa tara zuwa goma. Kawu ya ce a ƙara wuta. Na kai 13, gurup ya yi tari, firizar mai ƙanƙara ta yi ƙugi, mai shago ya fito ya ce ko ƙanƙararsa ko motarmu. Muka koma 10.

Abin da Kawu bai yafe wa ranar ba shi ne isansi. Gurup ɗin yana shan fiye da lita ɗaya a awa. Idan ka raba, motar da ba ta shan mai ta sha kusan lita 10 a kilomita 100, ta fi tsohuwar motarsa da ya sayar. Yaron da ke kawo mana man a kwalabe, a zuwansa na ƙarshe ya ce, "Baba, wai ba ita ce aka ce ba ta shan mai ba?" Kawu ya ce masa ya gaida mahaifinsa.

Hajiya da sauran tun azahar suka hau motar haya suka bar mu. An ɗaura aure muna zaune a kan benci, Kawu ya yi fatiha ta waya.

Bayan magariba aka kawo kuran, muka koma shagon mai walda, inda akwai soket mai ɗaukar amfiya 16, kilowat 3.7 ke nan, ya ɗara na gurup da fiye da rabi. Ya kawo mana doguwar waya a naɗe a kan ƙarfenta, siririya mai kaurin 1.5. Na ƙi. Amfiya 16 na awanni tana son waya mai kaurin 2.5, a warware ta duka, don naɗaɗɗiya zafi take tarawa har roba ta narke. Da muka samu mai kyau kuma sai wutar gari ta shiga wasa da mu: kowa ya kunna fanka da talabijin, bolt ya sauko ƙasa da 190, caji ya yanke, ya dawo, ya yanke. Sai wajen ƙarfe goma na dare ya daidaita.

Mun tashi da kashi 62. Gilashi a buɗe, kilim a kashe, buhun gero ya sauko kujerar baya, gudu 65 ba ƙari. Muka bi Gazawa da Agye da Cadawa, manyan motoci na ta danna mana oda, Kawu bai ce uffan ba kan rainin. Cin ya sauko 13, muka shiga Maradi da asuba da kashi 19 a hannu, ana kwashe rumfunan biki. Ragowar shinkafa muka samu, ita ma da ƙyar.

Da gari ya waye na ce wa Kawu komawa tana son cikakken batir, a soket ɗin gidan amininsa kuma awa goma sha biyar ne in kuran bai yanke ba, sannan in aka taka ta kamar jiya sai mun sake tsayawa a Tasawa. Ya ce lallai na iya lissafi, Allah ya yi mini albarka. Ya miƙo mini jika biyar na abinci, ya ce in kula da ita kamar ƙanwata, ya sa aka kai shi tasha ya hau bas.