Masu cewa sai an ba su tabbas ɗari bisa ɗari

Daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tayar da bam a layin dogo a yankin Katari, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna wuta, suka kashe mutane, suka shige daji da fiye da 60. Sai a watan Oktoba na ƙarshensu suka dawo gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da yawa daga cikin fasinjojin nan tsoron masu garkuwa a hanyar mota ne ya kai su jirgi. Tun da aka buɗe layin a 2016 muka mayar da shi mafaka, har manya masu jiniya suna ajiye motocinsu su hau. Kuma ba su yi wauta ba, domin a lokacin jirgi ya fi hanya aminci nesa ba kusa ba. Sai dai abin da ya fi aminci ba shi ne abin da babu haɗari a cikinsa ba, mu kuwa na biyun muka ɗauka mun saya da kuɗin tikiti.

Wannan ƙishirwar tabbas ɗin tana cin rayuka a wuraren da babu bindiga ko ɗaya. Ku je ɗakin haihuwa ku tsaya. Mace ta kwana tana naƙuda, likita ya ce sai an yi aiki, ya miƙa wa miji takarda ya sa hannu. Mijin ya riƙe biro, ya dubi yayarsa, ya dubi likita, ya ce, "Likita, ka tabbatar mini za ta tashi?" Likita mai tsoron Allah ba zai ce e ba. Zai ce masa aikin ya fi barinta haka aminci, amma rai na Allah ne. Sai ka ji an ce to bari mu je gida mu yi shawara. A gida kuwa akwai mai rubutu ko mai jiƙe-jiƙe da zai bugi ƙirji ya ce kafin la'asar za ta sauka lafiya. An bar mai gaskiya don ya ƙi yin alkawari, an bi wanda alkawari bai yi masa wuya ba. Sa'o'in da aka ɓata a wannan shawarar su ne wani lokaci ke tafiya da uwa da ɗa.

Haka yake a harkar kuɗi. MMM, wata harkar zuba jari ta bogi a intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, aka zuba mata jari da kuɗin makarantar yara, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Ɗan kasuwar da ke sarin masara daga Saminaka ya san farashi na iya karyewa kafin ya sayar, kuma zai faɗa maka. Shi ya sa wasu ke ganin ba shi da daɗin hulɗa.

Ba na raina tsoron mutane, don wani tsoron yana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka mutu cikin 200 da aka sa a gwajin. Wanda ya san wannan, in ya yi tambaya kafin a ɗiga wa ɗansa magani, ba za ka zarge shi ba. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 a Kano da Zamfara da nan Kaduna, ana jiran cikakken tabbaci, cutar ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta shanye ƙafafun yaranmu, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Mun ɗauka ƙin ɗaukar mataki zama ne lafiya, ashe shi ma zaɓi ne, kuma yara ne suka biya.

Ga kuma haɗarin da muka saba da shi har ba ma ganinsa. Mutumin da ya rantse ba zai ƙara hawa jirgi ba, shi ne za ka gani a tashar Kawo an cusa shi su biyu a kujerar gaba, direba ya yafa bel a ƙirji ba tare da ya maƙala ba don 'yan Road Safety su gani, tayoyi sun suɗe, ana gudu kamar za a tashi sama. In ka yi magana a ce, "Malam, ka yi tawakkali, in kwana ya ƙare ya ƙare."

Tawakkalin da aka koya mana ba haka yake ba. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Bai san ko zai tsira a Madina ba. Ya auna ne, ya zaɓi mafi sauƙin haɗari. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta riga ta gaya mana babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu.

Don haka ni ba na son jami'in gwamnati ya fito ya ce mana hanyar Abuja ta zama lafiya ɗari bisa ɗari. Ina son ya faɗi wuraren da har yanzu ake tsoro tsakanin Rijana da Jere, jami'an tsaro nawa aka ajiye, da ƙarfe nawa ya kamata matafiyi ya bar hanya, kuma motar asibiti tana ina in aka yi hatsari. Da irin wannan bayanin ne mai iyali zai iya yanke shawarar ko ya tashi da asuba ko ya jira jirgi.