Masu jiran dusar ƙanƙara kamar masu duban wata

Akwai wani farin katako a bayan gidan maƙwabcina, faɗinsa bai fi na faifai biyu ba, an kafa masa 'yar jar tuta a gefe don kada ya ɓace. Shekarata ta farko a Cheektowaga, gefen birnin Buffalo a jihar New York, na ɗauka wurin zuba wa tsuntsaye tsaba ne. Sai wata safiya ina dawowa daga aikin dare na tarar da dattijon durƙushe a kansa, fitila ɗaure a goshi. Ya soka rula cikin dusar ƙanƙarar da ta kwanta a kan katakon, ya karanta, ya rubuta a wani ɗan littafi, ya share katakon da hannun riga, ya koma ciki abinsa. Ƙarfe bakwai daidai. Haka yake yi kullum, ba fashi, kuma ba wanda ke biyansa ko sisi.

Irinsu suna da yawa a ƙasar nan. Akwai malaman makaranta, akwai direbobi, akwai 'yan fansho irin maƙwabcina, duk abin da ya haɗa su shi ne son sanin abin da sama za ta yi. Ni kuwa da farko kallon marasa aikin yi nake musu.

A Disambar 2022, tun saura kusan mako guda Kirsimeti, dattijon ya fara rawar jiki. Ya kira ni ta kan shinge, ya nuna mini wata taswira a wayarsa, duk ta yi shuɗi da ja kamar atamfa. Wai manyan kwamfutocin hasashen yanayi sun fara haɗa baki. Akwai na Amurka da suke kira GFS, wanda ke fitar da sabon lissafi sau huɗu a rana, akwai na Turai wanda su da kansu Amurkawan sukan ce ya fi nasu iya hango nesa. Duk lokacin da sabon lissafi zai fito, shi da abokansa ba sa barci. Wannan ya buga wa wancan waya, a yi musu a kan ko inci 20 za a samu ko 40, a kan ko iskar za ta karkata kudu ta bar su da hamma. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne daren 29 ga Ramadan a gida: kowa kunnensa na rediyo, ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, wani ya rantse an gani a garinsu, wani ya ce ƙarya ne, hazo ne.

Su ma abin nasu da biki yake haɗe. A wurinsu Kirsimetin da ta amsa sunanta ita ce wadda aka wayi gari ƙasa ta yi fari, har hukumar yanayi ta ƙasar ta sa wa abin ƙa'ida: sai an samu aƙalla inci ɗaya kwance a ƙasa da safiyar ranar. To ga shi bana ana maganar guguwar da ofishin hukumar na Buffalo ya ce irinta sau ɗaya mutum ke gani a zamaninsa. Abin nema ya samu.

Dalilin da ya sa Buffalo ke shan wannan duka, dattijon ne ya fahimtar da ni, da cokali da kofin shayi a kan teburin kicin. Birnin na zaune ne a ƙarshen tafkin Erie ta gabas. Idan tafkin bai daskare ba, ruwansa ya fi iskar da ke bisansa ɗumi. Sai iska mai tsananin sanyi ta biyo tsawon tafkin daga kudu maso yamma, ta kwashi tururi tun daga can, ta zo ta juye shi dusa a kan duk wanda ke bakin gaɓa. Kuma zubar ba ta game gari, siririn layi take bi. Wata guda kafin nan, a Nuwamba, garuruwan Hamburg da Orchard Park da ke kudu da birnin sun samu kusan inci 80, har aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar Bills aka kai Detroit, alhali wasu unguwannin arewa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Ba zan ɓoye ba, murnarsa ta ɓata mini rai. Inda na fito, wanda ya ga masifa na tafe yana washe baki, sunansa daban.

Daren Alhamis ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Fuskar ba irin ta kan shinge ba ce. Ya tambaye ni ko ina da aiki gobe, na ce ina da shi, kuma mai kula da mu a wurin ajiyar kayan da nake aiki ya riga ya aiko cewa kowa ya zo. Ya ce kada in je. In kuma na ƙi ji, to in tafi da bargo da abinci, in sa a raina a can zan yi kwana biyu. Na dubi waje, ruwan sama ne ma ake yi, ko sanyin kirki babu. Na kwana ina lissafin kuɗin yini guda da zan rasa. Da asuba dai na aika cewa ba ni zuwa, aka ba ni amsa mai gatse, na haɗiye.

Wajen ƙarfe takwas na safiyar Juma'a, 23 ga wata, abin ya juya kamar an murɗa makunni. Ruwan da ke kan titi ya daskare, iska ta taso tana gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Daga tagar falo na daina ganin motata, wadda ke ajiye taku goma daga ƙofa. Na san hazon hunturu, na san ranar da ƙura kan rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, amma a hazo kana ganin hannunka. Nan fari ne kawai, sama da ƙasa sun zama abu guda, ga kuka kamar ana jan kwano a kan dutse. Juma'ar da ban je masallaci ba ke nan. Kusan awa 37 aka yi a haka. Kafin a gama, filin jirgin sama da ke kusa da mu ya auna sama da inci 50, wato fiye da mita ɗaya da kwata, kuma bai sake buɗewa ba sai 28 ga wata.

Mutum 47 suka rasu a yankin. Wasu a cikin motocinsu da suka maƙale, wasu a kan titi 'yan taku kaɗan daga gida, wasu a ɗakunan da wuta ta ɗauke, wasu zuciya ta buga suna kwasar dusa, wasu kuma suna jiran motar asibitin da ita ma ta kafe a hanya. Dokar hana tuƙi ba ta fara aiki ba sai ƙarfe tara da rabi na safe, lokacin da masu aikin safe sun riga sun fita. Kuma Juma'ar ƙarshe ce kafin biki, ranar da da yawa ke karɓar albashi su yi cefane. Fiye da rabin waɗanda suka mutu a cikin birnin baƙar fata ne. Hasashen bai yi kuskure ba, masu sha'awar nan sun san abin da ke tafe tun da kwanaki. Wanda aka bari a baya shi ne mai aikin awa, wanda ko dai labarin bai iso shi da nauyinsa ba, ko ya iso shi amma tukunya ba ta ba shi zaɓi ba. Ni ɗaya ne daga cikinsu, bambancin kawai ina da maƙwabci mai farin katako.

Ranar Lahadi da iska ta lafa, shi ne ya ratso dusa har ƙugu ya zo ya tone bakin bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gidana. Ban ma san yana iya toshewa ya kashe mutum yana barci ba. Ranar ban ji ya yi maganar inci nawa ba. Amma na gan shi yana zagaye fili yana soka rula wuri-wuri, don iska ta kwashe ta kan katakon ta tara a jikin shinge, sai ya auna wurare da yawa ya fitar da matsakaici. Ya rubuta.

Wannan rubutun shi ne abin da nake musu hassada a kai. Don in dai ido ne, ba su fi mu ba. Baffana a ƙasar Gumel bai taɓa ganin taswirar GFS ba, amma ya san abin da zuwan shamuwa ke nufi, ya san in gawo ya fara kaɗe ganye damina ta ƙarato. Yakan dubi hadarin gabas ya ce wannan iska ce kawai, a bar shanya, kuma haka za a yi. Malaman ƙauyenmu na ƙirga taurarin damina, kowanne da kwana 13, su gaya maka wanda shuka ke kamawa a cikinsa. In an yi ruwan farko, Baffa zai fita da sassafe ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya, a nan zai yanke ko a fito da iri ko a dakata. Ilmi ne na gaske. Sai dai duk yana cikin kansa. Tambaye shi damina nawa cikin goma da suka wuce ruwa ya ɗauke bayan shuka, zai ce "ana yi dai". Maƙwabcina kuwa zai jawo littafi ya buɗe maka shafi.

Ƙungiyar da yake aika wa awonsa, CoCoRaHS, asalinta ma abin ya yi kama da namu. A 1997 ambaliya ta afka wa garin Fort Collins a jihar Colorado, ta kashe mutum biyar. Da aka bincika sai aka ga ruwan da ya zuba a wani gefen garin ya ninka na wani gefen sau da yawa, kuma ma'aunan hukuma ba su isa su nuna hakan ba. A shekarar da ta biyo baya aka fara raba aikin ga mutanen gari, kowa ya kafa ma'auni a gidansa ya riƙa ba da rahoto. To wa ya kai mu sanin ruwa mai zaɓen gona? A yi shi kamar da bakin ƙwarya a wannan ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya, amma tashar awo da ke filin jirgi ba za ta gaya maka abin da ya sauka a fadamar ƙauyenku ba. A shekarar guguwar nan ta Buffalo, ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin inda abin ya fi muni. Da za ka bi garuruwan bakin kogin Haɗeja ka nemi wanda ya rubuta ruwan da ya zuba a ƙofar gidansa a watan Agustan, da ka sha yawo. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu a nan, don muna yara mukan kama rediyonsu da damina mu ji ana karanto milimita kaza a gari kaza.

Na san masu cewa ruwa na Allah ne, shiga lissafinsa shisshigi ne. Na Allah ne mana. Wata ma na Allah ne, amma muna hawa tudu mu nemo shi, mu rubuta ranar. Auna abin da ya riga ya sauka ba duba ba ne.

Abin da ba zan ɗauko daga wurinsu ba shi ne fushin da suke yi in guguwa ta kauce musu. Na ga maƙwabcina ya wuni yana ƙunci don an yi musu alkawarin inci 12 an ba su uku. Wannan sha'awar mai ƙoshi ce, wanda gidansa ke da ɗumi, firjinsa cike, ba wanda zai kira shi aiki. Baffa in ya dubi sama gero yake gani, ba wasa ba.

Bara da wani ɗan garinmu zai je gida na ba shi ma'aunin ruwan sama irin na dattijon, na roba, mai faɗin baki inci huɗu, da littafi mai bango mai tauri. Na buga wa Baffa waya na yi masa bayani.

"To, ɗan nan, kwalbar ita za ta gaya mini ranar shuka?"

"A'a, Baffa, ku za ku gaya mata. Ita dai ta riƙe mana lissafi."

Ya yi dariya, ya ce zai sa jikansa ɗan aji biyu na sakandare. An kafa ta a bayan rumbu, akuya ta ture ta sau biyu kafin a ɗaure ta a jikin turke. Yaron yana turo mini hoton shafin ta WhatsApp duk Juma'a. Akwai giɓin kwana tara a Agusta, lokacin da aka tafi da shi biki Maigatari. Kuma da yake ma'aunin na Amurka ne, da inci yake rubutawa, shi kuwa Baffa milimita ya saba ji a rediyo, don haka yanzu duk ruwan da aka yi sai an kira ni in ninka da 25.