Da a ce gani ya kori ji

Bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, wani abokina ya jefo mini tambaya: da a ce gobe kowa zai wayi gari da tabbacin samuwar Allah irin tabbacin da yake da shi cewa wuta tana ƙuna, shin duniya za ta gyaru? Shi a ganinsa nan take za ta gyaru, tunda gani ya kori ji. Ni ban yarda ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban sauya ra'ayi ba.

Dalilina na farko shi ne Iblis. Bai taɓa shakkar samuwar Allah ba, domin ya yi magana da Shi, ya roƙe Shi jinkiri zuwa ranar tashin alƙiyama, har ya rantse da buwayarSa cewa sai ya ɓatar da 'yan Adam. Bani Isra'ila ma sun ga teku ta tsage da idanunsu, amma ba a daɗe ba suka koma bautar ɗan maraƙi. Shi kuwa Fir'auna, da ruwa ya kai masa wuya ya furta imani a aya ta 90 ta Suratu Yunus, amsar da ya samu a ayar da ke biye ita ce, sai yanzu? Wato imanin da ido ya tilasta ba shi ne ake nema ba, shi ya sa tun a aya ta 3 ta Suratul Baƙara aka siffanta masu taƙawa da cewa suna imani da gaibu.

Akwai ma wani tabbaci da muke da shi tuni, wanda ba ya buƙatar malami ko hujja, wato mutuwa. Na sha ganin mutanen da suka ɗauki makara a kafaɗa, suka shiga kabari suka karɓi gawar mahaifinsu, suka jera itace da hannunsu, amma kafin a share makoki sun fara harara da juna a kan gona da shago. Ba ilimi ne ya yi musu ƙaranci ba. Zuciya ce take da wata dabara ta ajiye abin da ta sani a gefe idan ya tare mata hanyar abin da take so, kuma ban ga abin da zai hana ta yi wa sabon tabbaci irin wannan ajiya ba.

Wannan ba ya nufin neman yaƙini laifi ne. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu domin zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. Sai dai hujja daban, miƙa wuya daban, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi ta rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya jero dalilan tauhidi ba.

Sai abokin nawa ya juya tambayar: to da a ce akasin haka aka tabbatar fa? A matsayina na musulmi ban ɗauki wannan abu mai yiwuwa ba, amma na bi shi a tunani. Ina jin uwa za ta ci gaba da shayar da ɗanta, manomi zai ci gaba da huɗa idan damina ta sauka. Wadda nake tausayawa ita ce bazawarar da aka ƙwace wa fili, ba ta da kuɗin lauya, ba ta da kowa a sama, abin da ya rage mata kawai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa. Da na faɗi haka sai abokina ya yi shiru, can ya ce shi tun farko hankalinsa yana kan azzalumin ne, bai tuna da ita ba.