Ka karanta? Ba ka karanta ba

Tun shekaranjiya abin nan yake cina. Na ce bari in yi shiru, shirun ya ƙi zama. Waɗanda suka leƙa ƙarƙashin hoton littafin Alhaki Kuykuyo Ne da na saka a shafina sun ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta, ba sai na maimaita duka ba. Ba zan kira suna ba, ya san kansa, kuma na san yana nan laɓe yana karantawa. Wai "au, kai ma ka koma karatun littattafan matan aure?" Har da 'yar fuskar dariya guda uku. Da na yi masa shiru sai ya ƙaro, wai wannan ai ba adabi ba ne, tarkacen kasuwa ne.

Tambaya ɗaya na yi maka, Yallaɓai shehin adabi: ka karanta? Ka ce ba sai ka karanta ba, ka san irinsu. Madalla. Allah Ya ƙara basira. Ashe yanzu an samu ci gaba, mutum yana iya sanin cikin littafi daga kallon bangonsa, kamar yadda ake ƙwanƙwasa kankana a bakin titi a ce ta nuna. Mu da muka ɓata dare biyu muna buɗa shafi ashe wahalar banza muka sha.

Ba ka karanta ba. Nan maganar ta fara, nan kuma za ta ƙare.

Littafin da nake magana a kai, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ya fito tun 1990. Ni ba sayensa na yi ba. A adakar yayata na tsinto shi ranar da muka je taya ta kwashe kaya za ta tashi daga gidan haya. Yana ƙasan wasu tsofaffin zannuwa, yana warin kafur, bangon baya ya cire an liƙe shi da salatif, kuma wata ta rubuta sunanta da jan biro a shafin farko ta ja layi biyu a ƙasa, alamar an sha aronsa ba a so a dawo da shi. Na ce Yaya, zan tafi da wannan. Ta ce ɗauka, amma kada ka zo kana yi min kuka. Na yi dariya.

Ban yi kuka ba, kada wani ya ƙara gishiri. Amma daren farko wuta ta ɗauke wajen ƙarfe goma, na kunna fitilar waya na ci gaba har caji ya koma kashi huɗu.

Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Miji ɗan kasuwa, yana da abin hannunsa, amma cefanen gida sai an yi da gaske. Ya je ya kwaso Delu daga bariki ya aura, rigima ta tashi, ya saki uwar 'ya'yansa ya kore ta da su. Rabi ta koma sayar da abinci tana riƙe yara, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, amaryar da ya rushe gida dominta ta nuna masa ko ita wace ce. Shi ke nan fa. Babu aljani, babu wani saurayi da ya dawo daga Landan da mota mai baƙin gilashi. Kuɗin cefane ne, da kuɗin makaranta, da kwanon da za a auna a dafa a sayar.

Abin da ya hana ni ajiye shi, na san Rabi. A layinmu take. Lokacin muna yara akwai wata baiwar Allah da muke kira Goggo, tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani zaure, da asuba ta riga kowa hura wuta. Hannunta duk tabon ƙuna. Idan ka miƙa mata kwano da kuɗin da bai kai ba, sai ta kalle ka ta zuba ta ce ka gaida babarka. Ban taɓa tambayar me ya fito da ita daga ɗakinta ba. Yaro ne ni, abin da ya dame ni ta ƙara min mai da yaji. Sai da na kai tsakiyar littafin nan na tuna yadda manya suke rage murya idan an ambaci tsohon mijinta. Shekara talatin ban yi tunaninta ba, littafin "matan aure" ya dawo min da ita har da ƙamshin man gyaɗarta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Wannan ne tarkacen kasuwa, Yallaɓai? Oho, na manta. Ba ka karanta ba.

Na san abin da za a ce, an riga an fara faɗa min ta inbos. Wai Hausar irin waɗannan littattafai ba ta da ƙa'ida, ana haɗe kalmomi inda ya kamata a raba. Gaskiya ne, akwai. To sai me? Marubutan nan da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littafi, babu edita, babu kamfani a bayansu, a lokacin da manyan maɗaba'u suka koma buga littattafan makaranta kawai. Kai da ka san ƙa'idar, ina naka littafin? A kawo mu gani. Wani kuma ya ce suna lalata tarbiyya. Wannan waƙar mun ji ta har mun haddace. A 2007 har tara littattafai aka yi aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, da sunan gyaran tarbiyya. Ina so a nuna min mutum ɗaya cikin masu tafi a ranar da ya karanta goma daga cikin abin da aka ƙona. Kuma tarbiyyar wa littafin nan ya lalata? Sai dai idan tona asirin mai gidan da yake cin tsire a waje ya bar iyali da tuwo babu miya shi ne lalata tarbiyya. In haka ne, to, na gane inda yake yi muku ƙaiƙayi.

Abin dariyar ma, a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar littafin nan da Turanci, Aliyu Kamal ne ya fassara. Indiya fa, ƙasar da kullum ake zagin marubutanmu da 'yan fim ɗinmu cewa ita suke kwaikwayo. Su suka zo suka ɗauka suka kai wa duniya. Na rantse da Allah, da fassarar Turancin na saka hotonta, mai sabon bango mai sheƙi, da mutumin nan "wow" zai rubuta ya tambaye ni inda ake samu. Mutumin da zai zauna ya kalli fim ɗin Turkiyya kashi ɗari da hamsin, ya san sunan dokin kowane jarumi, shi ne shafi ɗari da 'yan kai na Hausa ya fi ƙarfinsa.

Kuma kada a ɗauka ina cewa littafin ba shi da aibi. Yana da shi, kuma ni ina da bakin faɗa saboda na karanta. Gobarar nan ta zo daidai lokacin da marubuciya take bukatarta, kamar an aike ta. A rayuwa sau nawa muka ga azzalumi ya tsufa cikin daula, shagonsa ko hayaƙi bai taɓa yi ba? Sannan ƙarshen ya ƙona min rai. Bayan duk abin da Rabi ta sha, bayan ta tsaya da ƙafarta, sai aka taru a kanta da ba da haƙuri ta koma ta ɗauki mutumin da ya watsar da ita. Na rufe littafin ina huci. Washegari na kira Yaya na ce wannan wane irin ƙarshe ne? Ta ce, "To da yaya kake so ya ƙare? Kai a ina ka taɓa ganin ya ƙare ba haka ba?" Na rasa amsa. Matar da ta rubuta shi an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma karatun manya ta kama alƙalami. Ta fi ni sanin yadda ake taruwa a kan mace a ce ta yi haƙuri. Har yanzu ban yafe wa ƙarshen ba, amma na daina cewa kuskure ne.

Ka ga irin musun da nake so mu yi da kai ke nan. Ka zo ka ce min Delu an zalunce ta a labarin, an mai da ita baƙar tukunya ba a ba ta bakin magana ba, sai mu kwana muna ja, wataƙila ma ka kayar da ni. Amma ka karanta tukuna. Zan ba ka aro. A'a, tsaya, ba zan bayar ba.

Maganar aro ta tuna min. Wanda ya karɓi Magana Jari Ce ɗina na biyu tun azumin bara, wai zai karanta wa yaransa dare ɗaya ya dawo da shi, yana cikin masu danna min "like" kullum. Na ga ka saka hoton ɗakinka ranar Juma'a, kuma na hango shi a kan firji, an ɗora masa kofin shayi. Na mahaifina ne, da hannunsa ya rubuta sunansa a ciki da ajami. Ka aiko min da shi ko ta hannun ɗan acaɓa ne, ni zan biya kuɗin.