Maƙwabcina ya bar takarda huɗu, kakana ya bar adaka

Mako uku cif gawar maƙwabcina ta yi a ajiye kafin a binne shi. Haka suke yi a nan Ingila, sai an tsayar da ranar da ta yi wa kowa daidai, sai ka ce ɗaurin aure. Na je ne don haƙƙin maƙwabtaka, domin shekara shida muna gaisawa da tsohon nan ta kan shinge, kuma in na yi tafiya shi ke fitar mini da kwandon shara. Mu da muka halarta ba mu kai talatin ba.

Ana cikin zama sai 'yarsa ta miƙe da takarda huɗu a hannu, ta karanto rayuwarsa tun daga tushe. A nan na ji ashe an ɗauke shi aikin soja na dole yana ɗan shekara 18, aka tura shi dajin Malaya, inda Ingila ta yi ta fama da 'yan tawayen kwaminis daga 1948 zuwa 1960. Da ya dawo sai ya kama aikin gidan waya, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana raba wasiƙu a unguwa ɗaya. Ta faɗi yadda ya haɗu da mahaifiyarsu, da yadda bai iya dafa komai ba sai ƙwai, mutane na dariya suna share hawaye. Lambobin yabonsa na jere a kan akwatin gawar.

Ina zaune a wurin, amma hankalina na can gida, wurin kakana na wajen uwa. Baba Soja muke ce masa. Ya je yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ba ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Da aka sallame su ya zama masinja a ofishin En'e, a nan ya tsufa. Ya aurar da 'ya'yansa da na ƙannensa, kuma ban taɓa ganin ya ci tuwo shi kaɗai ba. Ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, sahun sallar gawa har bakin titi. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Duk wanda ya shigo zaure kalmarsa ɗaya ce: "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne."

Gaskiya suka faɗa. Amma yau da za ka tara jikokinsa, mun fi hamsin, ka ce mu faɗi wace bataliya ya yi, ko a wace tasha ya hau jirgin ruwa, sai dai mu kalli juna. Abin da na riƙe bai wuce tabon da ke ƙafarsa ba, da yadda yake tsawata mana in muka bar takalmi a ƙofa barkatai.

Abin da na sani game da yaƙinsa a nan na karanto shi, a ɗakin karatun Turawa, kuma wannan na ci mini rai. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma ne suka tafi, ta farko a 1943, ta biyu a 1944, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu. Hausa ce harshen bariki a wancan zamanin. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, inda mota ba ta shiga, sai dai a ɗauki kaya a ka ko a jefo abinci daga jirgin sama. A Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Da aka gama, kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Baturen da suka kwana rami ɗaya da shi ba.

Sunayen nan ma suna gabanmu kullum. Barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Legas, Burma Camp a Accra, duk daga yaƙin nan suka samo suna. Barikin Bukavu na Kano kuma daga aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo ne, farkon shekarun 1960. Sau nawa na wuce ƙofar Bukavu a motar haya ban taɓa tambayar ma'anar sunan ba?

Kada a ɗauka yabon Turawa nake yi. Tsohon maƙwabcin nan nawa shi kaɗai yake kwana yake tashi, 'ya'yansa sai Kirsimeti ko ranar haihuwarsa suke leƙo shi. Da za a ba Baba Soja zaɓi tsakanin takarda huɗun nan da gidansa mai cike da hayaniyar jikoki, ko waiwayar takardar ba zai yi ba. Ni ma haka. Addu'ar da muke yi wa mamaci ta fi furen da suke ajiyewa nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai abin da suka fi mu, kuma ba kuɗi ba ne. Kowace shekara, ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, suna yin shiru na minti biyu, don a daidai wannan lokacin aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na ɗaya a 1918. Mai shago da ɗan makaranta kowa da jan fure a ƙirji. Ƙauyen da bai kai unguwarmu girma ba za ka tarar da dutse a tsakiyarsa, an sassaƙa sunayen 'ya'yansa da suka mutu a fagen fama, har da farabiti. Mu ma muna da 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, amma bikin manya ne: a ajiye furanni a Abuja, a saki tantabaru, a watse. Janar Hassan Usman Katsina ya samu kwalejin kimiyya da fasaha a Katsina da wurin shaƙatawa a Kaduna da sunansa, kuma ya cancanta. Kofur ɗin da ya koma masinja fa?

Wani abokina ya ce mini ai tsayuwa a karanto tarihin mamaci ba al'adarmu ba ce. Na yarda, ba a maƙabarta ba. Amma mu ne masu kirari, mu ne maroƙi ke jero wa sarki kakanninsa har goma ba tuntuɓe. Ashe mun iya adana tarihi, na talaka ne ba mu ɗauka tarihi ba. Kuma mazan jiyan da suka yi yaƙin basasa suna nan da ransu, ƙaraminsu ya haura saba'in, suna zaune a ƙofar gida da rediyo, ba mai tambayarsu komai sai "ina gajiya, Baba."

Daren da na dawo daga jana'izar na kira Kawu. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, adakar nan ta Baba mai kwaɗo, tana nan?"

Ya ce, "Tana ɗakin Inna. Lafiya?"

Na ce lambobinsa nake tambaya.

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ku ne fa kuka yi wasa da su kuna yara. Ɗaya ta rage. Akwai dai wani ɗan littafi mai hotonsa da kaki, gara ta ci gefensa."

Na roƙe shi ya sa yara su ɗauko mini hoton kowane shafi a waya. Ya ce in Allah ya kai mu Juma'a. Juma'a biyu ke nan ta wuce, gobe zan sake kira.