Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai ɗaya bayan ɗaya

Ku leƙa abin da wasu ke rubutawa ƙarƙashin sunansu a Facebook: shugaban kamfani, marubuci, manomi, mai horar da matasa, shugaban gidauniya. Shekara ashirin da biyar, muƙami biyar. Ka yi magana, a ce maka ai manyan duniya ma kowace harka da hannunsu a ciki. Haka ne, amma ba rana ɗaya suka tsunduma ba.

Mo Ibrahim, haifaffen Sudan, injiniyan sadarwa ne. Ya yi digirin digirgir a Birmingham, ya yi wa kamfanin wayar Birtaniya aiki shekaru kafin ya buɗe nasa a 1989. Celtel, kamfaninsa na wayar salula, sai 1998, lokacin da masu kuɗi ke ganin zuba jari a wayar salula a Afirka asara ce. A 2005 aka sayar da shi dala biliyan 3.4, a 2006 ya kafa gidauniya. Kuma da halin injiniya ya shiga hidimar: gidauniyar na auna yadda ake mulki a ƙasashen Afirka da alƙaluma, kyautarta ta dala miliyan 5 ga tsohon shugaba nagari kuwa shekaru da dama ba a ba kowa ba, don ba a samu wanda ya cancanta ba.

Wanda ya fi burge ni Jimmy Carter ne. Sojan ruwa, manomin gyaɗa, gwamnan Jojiya, shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Ya faɗi zaɓe, maimakon ya koma gefe, sai ya ɗauki yaƙi da kurkunu, cutar da ba ta da magani ko rigakafi. Tsutsar kan kai mita guda, a hankali ake naɗe ta a tsinke tana fitowa daga ƙafa, makonni mutum na kwance ba gona ba makaranta. Dabarar kawai a tace ruwan sha, a hana mai ciwon shiga tafki. Aiki ne da ba ya kyau a hoto. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. A 2023 mutum 14 aka samu. A 1995 har tsagaita wuta ya nemo a yaƙin Sudan don ma'aikatan lafiya su shiga ƙauyuka. Da bai taɓa mulki ba, wa zai saurare shi?

Ba na hana kowa taimako tun yana ƙarami, kada a juya min magana. Abdul Sattar Edhi, shahararren mai aikin jinƙai na Pakistan, ɗan ƙaramin ɗakin shan magani ya fara da shi a Karachi, yana matashi mai tallar yadi. Amma ya zauna a kai har rasuwarsa a 2016.

To, mai gidauniya, yaran da ka biya wa kuɗin makaranta bara aka ɗauki hoto, nawa ne a aji bana?